Kawu, ita Falatiyar nan tamu ce?

Bara da kaka, daidai lokacin yankan riɗi, muna zaune wajen wata mai shayi a bakin kasuwar Gadarif da ke gabashin Sudan ni da ɗan ƙanwata, yaron da yaƙi ya koro su daga Umdurman shi da uwarsa da ƙannensa suka zo suka tare a gidanmu. Wani direban lori da ke gefe ya kunna waƙa a wayarsa, tsohuwar waƙa irin mai ƙarar faifan nan a cikinta kamar ana suyar gyaɗa, muryar mace tana kiran riɗin Gadarif. Mai shayin ta ajiye mafici tana bi, wani dattijo mai rawani yana kaɗa kai, har yaran da ke dakon buhu sun san amshin. Sai yaron nawa ya tambaya wai wace ce wannan, direban ya dube shi ya ce kai wane irin ɗan Umdurman ne da ba ka san A'isha Falatiya ba. Yaro ya yi shiru bai ce komai ba, sai da muka taso muna hanyar gida ya ce min, "Kawu, ita Falatiyar nan tamu ce?"

Wallahi tambayar nan ta tsaya min a maƙoshi. Yaro ne ɗan shekara 19, a garin da matar nan ta rayu ta rasu aka haife shi, da Hausa uwarsa ke yi masa faɗa a gida, amma ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya ce masa mace ta farko da ta fara waƙa a gidan rediyon ƙasar nan uwarta Bahaushiya ce ubanta Bafulatani, kuma daga ƙasar Sakkwato suka taso. Makaranta ba ta gaya masa ba, mu ma a gida ba mu gaya masa ba, kuma ni na biyun ne ya fi ci min rai. Na ce masa eh tamu ce, amma na san amsar ta fi ƙarfin eh, shi ya sa nake so in warware maganar a nan a tsanake.

Ƙullin yana cikin sunan ne tun farko. Sunanta na yanka A'isha, mahaifinta Musa Ahmad. Falatiya laƙabi ne da gari ya liƙa mata ya bi ta har kabari. Ita kalmar Fallata asalinta sunan da Barebari ke kiran Fulani ne, amma da ta iso Sudan sai ta zama wata babbar riga da ake zura wa duk wanda ya ɓullo daga yamma, Bahaushe ne ko Bafulatani ko Babarbare ko Bazabarme duk ɗaya, kamar yadda a Hijaz ake ce mana Takari. A bakin wani suna ne kawai ba komai a ransa, a bakin wani kuma zagi ne tsagwaronsa, kuma duk wanda ya tashi a ƙasar nan a cikinmu tun yana yaro yake gane bambancin daga yadda aka ja kalmar da yadda aka taɓe baki. To ku duba, matar da duk ƙasa ke rera waƙarta da wannan sunan aka san ta, ba a ce A'ishar Kasala ba ko da yake can aka haife ta, ba a ce A'ishar Umdurman ba ko da yake can ta ƙare rayuwarta. Kullum aka ambace ta sai an tuna mata daga ina iyayenta suka zo.

Yadda suka zo ɗin kuwa labarin kowane gida ne a cikinmu. Hanyar hajji ce a ƙafa da kan jaki, a bi ta Borno a shiga Wadai, a faɗo Jinaina, Fashir, Ubayyid, har a dangana da Sawakin a jira jirgin ruwa zuwa Jidda. Tafiya ce ta shekaru, guzuri ya ƙare a tsaya a yi noman damina ɗaya ko biyu, a yi ɗinki, a yi wanzanci, malami ya kafa makarantar allo, a haifi 'ya'ya a hanya a binne tsofaffi a hanya. Wasu wajen zuwa suka tsaya, wasu sai da suka sauke farali wajen dawowa ƙarfi ya ƙare suka ce nan ma ƙasar Allah ce. Sannan ga babban ayarin da ya biyo bayan yaƙin Burmi a 1903, inda Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ɗansa Mai Wurno ya ja ragowar jama'a suka yo gabas har suka sauka a bakin kogi kusa da Sinnar, garin da har yau sunansa yake amsawa. Da aka gama madatsar ruwan Sinnar a 1925 aka buɗe noman auduga a Jazira, hannun da ya tsinci audugar nan da yawansa namu ne, haka riɗi da dawar Gadarif. Iyayen A'isha alhazai ne irin waɗannan, suka zauna Kasala aka haife ta, daga baya suka koma Umdurman inda mahaifinta ya riƙe halwa, wato makarantar allo, don shi faki ne, malami.

A wannan halwar ta uban nata ta yi karatun Alƙur'ani, kuma ni a ganina duk wanda yake so ya gane muryar matar nan daga nan zai fara. Wanda ya yi zaman allo ya san abin da ake koya wa yaro ba da sunan waƙa ba: yadda ake fitar da kowane harafi daga mafitarsa, yadda ake ajiye numfashi ya kai ka ƙarshen aya, inda ake tsayawa da inda ba a tsayawa, inda ake ja da iya tsawon jan. Ka saurari tsoffin faifanta, duk da ƙarar da ke ciki ba kalmar da za ta ɓace maka, Larabcin Umdurman ne tas. Irin wannan tarbiyyar ce ta yi Ummu Kulsum ta Masar, ita ma ɗiyar limamin ƙauye ce da ta fara da hadda. Sai dai inda suka rabu, uban Ummu Kulsum shi da kansa ya kama hannunta, ya sa mata kayan maza ya riƙa yawo da ita wuraren maulidi da biki tana rerawa, shi kuwa uban A'isha da ya ji 'yarsa tun tana 'yar shekara 14 ta fara waƙa a gidajen biki sai ya tsaya tsayin daka sai ya raba ta da abin, har ya ɗaura mata aure don magana ta mutu. Auren ne ya mutu, waƙar ta ci gaba.

Ni dai ba zan zagi dattijon nan ba, kuma ina roƙon matasanmu masu saurin yanke hukunci su ɗan sassauta. Ku sa kanku a takalminsa. Baƙo ne a garin mutane, ba shi da gona ba shi da dangi masu sarauta, abu ɗaya tal da yake da shi wanda ya sa 'yan gari ke cire takalmi in za su shigo zaurensa shi ne malanta, da ita yake ci da ita ake ganin girmansa, da ita ma ake ɗaga wa sauran 'yan uwansa ƙafa. Sannan ya taso daga ƙasar da roƙo da kiɗa gado ne na wasu gidaje, ɗan malam ba ya zama maroƙi balle ɗiyar malam ta zama zabiya. Ya zo ya tarar Umdurman ma haka take ko ta fi, don a lokacin ko maza masu waƙar haƙiba, tsohon salon waƙar birni na Sudan, irin su Sarur da Karoma da ake ji da su yanzu, akwai gidajen da ke yi musu kallon 'yan iska. Waƙar mata kuwa iyakarta cikin gida, a bayan katanga, da gangar dalluka, ranar lalle da ranar rawar amarya, kuma matan da suka mai da ita sana'a ƙasa-ƙasa ake kallonsu. To mutumin da ke cikin wannan hali ka ce masa 'yarsa ta fari ce ake kira gidan biki, ai gani zai yi rufin asirin gidan gaba ɗaya ake yaye masa. Ya yi kuskure a ganina, amma kuskuren mai tsoro ne ba na mugu ba. Abin da ya fi damuna shi ne mu da muka zo bayan shekara 80 da wani abu, muka ga abin da ta zama, har yanzu wannan tsoron ne ke hana mu kiran sunanta a zaure.

Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce yaya aka yi ta tsallake, tunda akwai mata da yawa masu murya a zamaninta da ba wanda ya san sunansu yau. Murya kaɗai ba ta isa ba, lokaci ne ya buɗe mata wasu ƙofofi ita kuma ba ta yi nauyin ƙafa ba.

Ta farko faifan garmaho ne. A ƙarshen shekarun 1930 wakilin wani kamfanin faifai na Masar ya ji ta, aka kai ta Alƙahira ta ɗauki waƙoƙi, faifan suka dawo Sudan suka shiga shagunan gahawa. Ku tsaya ku yi tunanin abin da wannan ke nufi a garin da mace mai mutunci ba ta zama cikin maza. Shagon gahawa na maza ne zalla, 'yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati da leburori, ba yadda za a yi mace ta shiga ta tsaya gabansu ta yi waƙa, amma ga muryarta ta shiga ita tana gida. Faifai ya raba murya da jikin mai ita, namijin da zai tashi ya bar wurin in ya gan ta ido da ido ga shi zaune yana kurɓar jabana, wato gahawa, yana cewa a sake sa wancan. Kafin masu faɗa su farga kunnen gari ya riga ya saba.

Sai kuma yaƙin duniya na biyu. A watan Yulin 1940 sojojin Italiya suka shigo daga Iritiriya suka kama Kasala, garin haihuwarta, ba su fita ba sai Janairun 1941, daga nan aka bi su har duwatsun Karan inda aka yi ƙazamin faɗa a Fabrairu da Maris na shekarar. Sojojin rundunar tsaron Sudan suna cikin wannan yaƙi ƙarƙashin Ingila, daga baya aka kai wasu arewacin Afirka, kuma A'isha na cikin waɗanda suka je har inda suke suna yi musu waƙa don ƙarfafa musu guiwa. Waƙar da ta yi tana roƙon Allah Ya dawo da su gida lafiya har gobe tsofaffi sun san ta. A nan ma akwai abin lura, don uwar da ɗanta ke bakin daga in ta ji mace tana roƙa masa dawowa ba za ta tsaya tambayar 'yar wace ƙabila ce ba. Yaƙin ya mai da ita mai faɗar abin da ke zuciyar kowane gida, kuma mai wannan matsayi da wuya a kore shi daga fage.

Shi kansa gidan rediyon Umdurman yaƙin ne ya haife shi, Turawa suka buɗe shi a 1940 don su riƙa ba mutane labarin fagen daga ta bakinsu, kuma sun san ba mai zama sauraren labari tsura sai an haɗa masa da waƙa. A 1942 A'isha ta shiga ta rera, ƙanwarta Jidawiya na kaɗa mata udu, mace ta farko kenan da aka ji tana waƙa a rediyon Sudan. Masu saurare suka yi murna, masu ra'ayin riƙau suka yi ca, wasu mawaƙa maza kuma suka ƙaurace wa gidan wai ba za su haɗa makirfo da mace ba. Wannan na ƙarshen shi ne ke ba ni takaici duk lokacin da na tuna, mutanen da su ma gari ke musu kallon banza saboda waƙa, maimakon su ja ta jiki sai suka ga ga wadda za su taka su ɗan ƙara tsawo. Tsangwamar da ta sha ta fuska biyu, ga ta mace ga ta Falatiya, ta kai har sai da ta yi tunanin tattara nata ya nata ta koma Najeriya. Ba ta tafi ba. Ta zauna, ta ci gaba har cikin shekarun 1960, ta bar waƙoƙi sama da 150, kuma duk macen da ta riƙe makirfo a ƙasar nan bayanta ta hanyar da ta share ta bi.

Ita Jidawiya ma kusan ba mai ambatonta. Mace tana kaɗa udu a bainar jama'a a shekarun 1940, a Umdurman, ɗiyar faki. Ko yau ka ƙirga matan da ke kaɗa udu a ƙasar nan ka ga ko za ka cika yatsun hannu biyu ba tare da ka tsaya tunani ba.

Yanzu bari in zo kan gardamar da muke yi tsakaninmu, don na sha jin ta a majalisa. Wasu cewa suke ai ba tamu ba ce, da Larabci ta yi waƙa, Larabawa ta yi wa, me ta tsinana wa Hausa. Ni wannan maganar ba ta shige ni. Da farko dai ta yi waƙa da Hausa, waƙar maraba da ta yi wa Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello gidajen rediyon Arewa sun daɗe suna sa ta, dattawan Kano da Kaduna da suka yi zamanin sun san A'isha Falatiya sarai, kuma tana cikin dalilan da suka sa kunnen mutanen Arewa ya kamu da kiɗan Sudan mai goge da udu. Amma ko da a ce ba ta taɓa buɗe baki da Hausa a faifai ba, yarinyar da ta tashi a Umdurman da wane harshe ake so ta yi wa Umdurman waƙa? Mu nan da muke magana, 'ya'yanmu nawa ne ke iya ƙirga kuɗi da Hausa ba su juye Larabci ba? Zaman ƙasar nan haka ya yi mu, harshe biyu a baki ɗaya, kuma ita ce ta fara nuna cewa ɗanmu zai iya ɗaukar harshen gari ya sarrafa shi har masu shi su riƙa koyi. Abin da ke sosa rai shi ne a nan ana ce mata Falatiya wato 'yar can, a can kuma ana ce mata 'yar Sudan wato 'yar nan, kowane ɓangare yana jin daɗin muryar yana tura mai ita wancan gefen. Duk Bahaushen Sudan da ya taɓa zuwa Kano aka kira shi ɗan Sudan, ya dawo gida aka tambaye shi asalinsa a ofishin jinsiyya, wato na takardar zama ɗan ƙasa, ya san wannan ciwon ba sai an fassara masa ba.

Maganar jinsiyya kuwa ba a raba ta da labarin nan. A'isha ta yi waƙoƙin kishin ƙasa da neman 'yanci, Sudan ta samu 'yancin ranar 1 ga Janairun 1956, sai dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta zo ta ce sai wanda shi ko iyayensa maza suke zaune a ƙasar tun 31 ga Disambar 1897. Wannan kwanan watan kamar da gangan aka auna shi, don mafi yawan ayarinmu bayan Burmi suka iso, wato bayan 1903. An sassauta dokar daga baya, amma tunanin da ta shuka bai mutu ba, shi ne ka ga mutum an haifi kakansa a Mai Wurno ko Gadarif amma in ya je neman takarda sai an ce ya kawo ƙarin shaidu, kuma shi ne ya fito fili a rikicin jihar Nil Azrak (Blue Nile) na 2022 da aka kashe mutane da yawa aka kori dubbai daga gidajensu a kan maganar wai Bahaushe ba shi da ƙasa. Ranar da mutanenmu suka fito zanga-zanga a Kasala da Gadarif da Khartum a wancan lokacin, na yi ta tunanin cewa rediyon da ke karanta sanarwar gwamnati shi ne dai wanda ɗiyarmu ta buɗe wa matan ƙasar gaba ɗaya ƙofarsa shekara 80 cif kafin nan.

In ka ƙetare Bahar Maliya za ka tarar da kusan irin labarin. Itab, mawaƙiyar Saudiyya da aka haifa a 1947, wadda ake lissafawa cikin matan farko da suka fito fili da waƙa a ƙasar, a ƙarshen cikakken sunanta Hausawi ne. Ita ma a gidajen biki ta fara, ita ma ƙasarta ta yi mata ƙunci ta koma Masar da zama bayan ta yi aure can a 1978, kuma a Alƙahira ta rasu a watan Agustan 2007 bayan fama da ciwon daji. Ban ɗauki wannan a matsayin katari ba. A ƙasashen biyu manyan gidaje ba za su bar 'yarsu ta tsaya gaban makirfo ba, sai 'yar baƙi wadda dama ba a ba ta wani matsayin da za ta ji tsoron rasawa ba ita ce ta yi ƙarfin halin fara taka wurin, da hanya ta yi kyau kowa ya biyo. 'Yan uwanmu na Makka da Jidda su ma ina jin in aka tambayi yaransu wace ce Itab za su ce mai waƙar nan ce, ba za su ce tamu ce ba.

A'isha ta rasu a Umdurman a watan Fabrairun 1974. Shekara ɗaya bayan nan, a Fabrairun 1975, Ummu Kulsum ta rasu, miliyoyin mutane suka cika titunan Alƙahira, yau akwai gidan tarihi sukutum da sunanta inda aka ajiye har tabaranta da gyalenta. Ba ina haɗa girman su biyun ba ne, Masar daban Sudan daban, ina dai nuna yadda ƙasa ke riƙe nata in ta ga dama. Mu a nan mawaƙi ko marubuci sai ya mutu ake yi masa kuka na kwana uku a rufe babi, kuma da yawansu ma ba a gida suke mutuwa ba. Mustafa Sid Ahmad a Doha ya cika a 1996, Ɗayyib Salih marubuci a Landan a 2009, Kabli a Amurka a 2021, Muhammad al-Amin shi ma a Amurka a 2023. Wardi sai da ya yi shekara goma sha wani abu yana gudun hijira kafin ya dawo a 2002. Khojali Usman kuwa har cikin kulob ɗin mawaƙa a Umdurman wani ya bi shi da wuƙa ya kashe a 1994. Wannan fa su ne 'yan gari da ba wanda ya taɓa tambayar asalinsu, to ina ga ɗiyar alhazai.

Sannan ga abin da ke hana ni barci tun da yaƙin nan ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023. Ginin rediyo da talabijin na Umdurman yana cikin wuraren farko da 'yan Da'am Sari, wato dakarun RSF abokan faɗan sojan gwamnati, suka shiga, suka zauna ciki kusan shekara guda har soja suka karɓe shi a watan Maris na 2024, kuma a wannan ginin ne taskar muryoyin ƙasar nan take a lokacin, tsoffin faifai da kaset na tun shekarun 1940. Ka shiga YouTube ka nemi A'isha Falatiya ka ƙirga abin da za ka samu, ka gwada da 150. Mafi yawan abin da ke yawo a wayoyin mutane 'yan waƙoƙin nan ne dai da aka fi sani ake ta maimaitawa, wasu ma sabbin mawaƙa sun sake rera su yara na ɗauka nasu ne. A Umdurman ɗin nan dai harsashi ya kashe mawaƙiya Shadin a watan Mayun 2023, wata ɗaya da fara yaƙin. Garin da ya tara muryoyin shi ne ya zama fagen daga, mutanen da suka san labarin kuma, tsofaffin unguwanni, sun watse wasu Masar wasu Chadi wasu nan wajenmu, kullum kuma sai an yi jana'izar wani.

Da muka isa gida ran nan ban ma cire takalmi ba na ja yaron muka shiga ɗakin Gwaggo, yayar mahaifina, ta haura 80 idonta ya yi rauni amma kanta garau. Tana zaune bakin angarib, gadon nan na igiya, tana tsince riɗi a faifai da lalube. Na ce, "Gwaggo, jikanki ne ke tambaya wai A'isha Falatiya tamu ce." Ta ɗago ta ce, "Wa ya ce ba tamu ba ce?" Sai ta shiga ba mu labari, ta ce suna 'yan mata Malam, wato kakana, ya hana a shigo masa da rediyo gida, amma maƙwabcinsu yana da ita, in an sa A'isha sai su bar daka su je su manna kunne jikin zana, uwarsu tana tsakar gida tana yi kamar ba ta gani ba alhali ita ma ta rage ƙarar taɓarya. Ta ce a zaure maza ba sa kiran sunanta ko da wasa, amma a cikin gida in mata sun haɗu kitso sai wata ta rage murya ta ce kun san fa 'yar Malam Musa ce, uwarta Bahaushiya, sai kowa ta yi murmushi. Yaron ya ce, "Hajja, kin iya waƙar sojojin?" Ta ce rabonta da ita tun kafin a haifi uwarka. Ta yi shiru har na ɗauka ta bar maganar, can sai ta ture faifan riɗin gefe ta gyara tobinta ta fara, muryar na rawa, tana tsallake wasu baitoci tana komowa, da ta zo wajen roƙon Allah Ya dawo da su gida sai ƙanwata da ke bakin ƙofa, wadda mijinta ya tsaya Umdurman gadin gida wata bakwai ba labarinsa, ta juya ta fita. Yaron ya riga ya ciro waya yana ɗauka, cajinsa saura kaɗan don kwana biyu ba wuta, minti huɗu da 'yan daƙiƙu ya samu kafin wayar ta mutu. Gwaggo ba ta san wayar ta mutu ba, mu ma ba mu gaya mata ba, ta ci gaba har ta kai ƙarshe.